Tarihin gaz ɗin kilim: daga Freon zuwa R-290, da wa'adin 2030 da ke tafe



Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san darajar sanyi. Zafi ya haura digiri 40, bango na huci har bayan isha'i, yara na juyi a tabarma, barci ya gagara. A wannan lokacin ne masu gyaran firigo da kilim ba su samun hutu. Za ku ga mai gyara ya ɗauro tukunyar gaz a bayan babur, ya shigo gida, ya jona ma'auninsa, ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, gaz ɗin ne ya tsere, sai an sake cikawa." A biya, a cika, sanyi ya dawo. Cikinmu ba kasafai ake samun wanda zai tambaya ba: wai shin wane irin gaz ne aka zuba?

To, wannan tambayar muka zo da ita yau. Gaz ɗin da ke cikin yawancin tsofaffin kilim na gidajenmu da biro-biro da masallatai, wato R-22, an yanke masa wa'adi a duniya, kuma wa'adinmu mu ƙasashe masu tasowa shi ne shekarar 2030. Kafin mutum ya zuba jikkunansa a sabon kilim, ko ya yarda a sauya masa gaz, ya kamata ya san inda aka fito. Tarihin nan ya kai shekara ɗari, kuma darasinsa ɗaya ne: kowane gaz da aka kawo aka ce ya magance matsala, sai daga baya a gano ya zo da tasa.

Yadda sanyin ke samuwa

Kilim ba ya ƙera sanyi, zafin ɗaki yake kwashewa ya zubar a waje. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce ta randa da tulun Mirriya: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, ya bi iska, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. A cikin kilim, maimakon ruwa ana amfani da wani sinadari mai saurin tafasa. R-22 alal misali yana tafasa tun a wajen digiri 41 ƙasa da sifili. Idan ya tafasa a cikin bututun da ke ɗaki sai ya zuƙe zafi ya zama iska. Kwamfiresa, wadda ita ce zuciyar na'urar, ta matse shi ta tura shi akwatin da ke waje, can ya sauke zafin ya koma ruwa, ya sake dawowa ciki. Haka yake ta zagaye.

Ku riƙe wannan: gaz ɗin kilim ba kamar esans ba ne da inji ke sha. A rufe yake cikin bututu. Idan ya ragu, to akwai wurin da ke yoyo. Za mu dawo kan wannan batu.

Zamanin guba

A 1902 ne wani injiniya ɗan Amurka, Willis Carrier, ya haɗa na'urar da ake ɗauka a matsayin kakar kilim na zamani. Ba don jin daɗin mutane ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a unguwar Brooklyn ke fama da laima mai lanƙwasa takarda, launuka su ƙi hawa daidai. Daga nan sana'ar sanyi ta bazu zuwa masaƙu da gidajen silima.

Sinadaran da ake amfani da su a lokacin su ne amoniya, da iskar ƙibiritu mai shaƙe numfashi, da wani mai suna metil kilorid. Akwai kuma masu amfani da furofan da isobutan, dangin gaz ɗin girki. Dukkansu suna sanyayawa da kyau, amma wasu guba ne, wasu kuma suna kama wuta. A 1929 yoyon metil kilorid daga na'urorin sanyi ya kashe mutane a cikin gidajensu a birnin Shikago, jaridu suka yi ta yayatawa, jama'a suka tsorata da firigo. Kamfanoni suka gane cewa muddin ba a samo sinadarin da ba ya kisa ba, kasuwarsu ba za ta shiga ɗakunan kwana ba.

Zamanin Freon

Kamfanin General Motors, mai mallakar Frigidaire, ya ɗora wa wani masanin sinadarai, Thomas Midgley, wannan aiki a 1928. Shi da abokan aikinsa suka fito da sinadari na kabon da fulorin da kilorin, dangin da ake kira CFC. A 1930, a gaban taron masana, Midgley ya shaƙi iskar ya cika huhunsa, sannan ya hura ta a kan kyandir ya mutu. Da numfashi ɗaya ya nuna abu biyu: ba ta da guba, ba ta kama wuta. Kamfanin DuPont ya shiga sayar da ita da sunan Freon, sunan da har yau masu gyaranmu ke kiran kusan kowane gaz da shi, fireyon.

R-12 ya mamaye firigo da kilim na mota. Ɗan uwansa R-22, wanda ke cikin dangin HCFC saboda yana ɗauke da haidirojin, shi ya zama gaz ɗin kilim na gida tun daga shekarun 1950. Ana zuba CFC a gwangwanin turare da na maganin sauro, ana kumbura soso da shi, ana wanke kayan lantarki da shi. Sama da shekara arba'in ba wanda ya ga aibinsa. Abin da ake yabonsa da shi shi ne ba ya ruɓewa, ba ya haɗuwa da komai. Ashe nan gizo ke saƙar.

Ramin da aka gani a sama

Tsakanin kilomita 15 zuwa 35 a saman kawunanmu akwai wata shimfiɗar iska da ake kira ozon. Allah Ya sanya ta garkuwa, tana tare mafi yawan hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani amma yake jawo kansar fata da yanar ido, yake kuma raunana shuka. Mu da ke yini a gona da kasuwa ƙarƙashin ranar Sahel, da ƴan uwanmu zabiya da fatarsu ba ta jure rana, mun fi kowa bukatar wannan garkuwa.

A 1974 masana biyu a jami'ar Kalifoniya, Sherwood Rowland da Mario Molina ɗan ƙasar Meksiko, suka tambayi kansu: tunda CFC ba ya ruɓewa, ina yake zuwa? Lissafinsu ya nuna yana hawa a hankali har ya kai sama, can hasken rana ya farfasa shi, kilorin ya kuɓuce ya shiga cin ozon. Ƙwayar kilorin guda tana iya lalata dubban ƙwayoyin ozon kafin ta bar wurin. Masu masana'antu suka musanta, suka ce hasashe ne kawai. Amurka dai ta hana zuba CFC a gwangwanayen feshi a 1978, amma sauran amfani ya ci gaba.

Sai a watan Mayun 1985 wasu masana uku ƴan Ingila, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka wallafa awon da suka daɗe suna yi a tashar Halley da ke yankin ƙanƙara na Antatika. Ozon ɗin wurin yana zaftarewa sosai a kowace shekara idan Oktoba ta zo. Hotunan tauraron ɗan adam suka tabbatar. Daga nan aka fara maganar ramin ozon, musu ya ƙare. Shekara goma bayan haka, a 1995, Rowland da Molina da Paul Crutzen suka karɓi kyautar Nobel.

Yarjejeniyar Monreyal

Ranar 16 ga Satumba 1987 ƙasashe suka sa hannu a birnin Monreyal na Kanada kan yarjejeniyar rage sinadaran da ke cin ozon, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1989. Shi ya sa kowace 16 ga Satumba kuke jin rediyo na maganar ranar ozon ta duniya. Nijar ta shiga a 1992. A yau babu ƙasar da ba ta ciki.

Abu biyu suka sa yarjejeniyar ta yi aiki. Na farko, an yarda cewa waɗanda suka fi ɓata sama su za su fara dainawa, ƙasashe masu tasowa kuma aka ba su ƙarin lokaci. Na biyu, a taron Landan na 1990 aka amince da kafa asusun da ƙasashe masu arziki ke zuba kuɗi, domin sauya masana'antu da horar da masu gyara da ƴan duwan a ƙasashe irin namu. Ƙasashe masu arziki suka rufe babin CFC a 1996, mu kuma a 2010. Manyan masu gyara za su tuna lokacin da R-12 ya ɓace daga kasuwa, R-134a ya maye gurbinsa a firigo da mota.

R-22 kuwa an ɗaga masa ƙafa, domin ɓarnar da yake yi wa ozon ba ta wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na ta R-12 ba. Amma da kilim ya yawaita a Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa, ƙaramar ɓarna ta taru ta yi yawa. A 2007 aka sake zama aka matso da wa'adinsa. Ga jadawalin ƙasashe masu tasowa, har da Nijar: a daina ƙara yawan abin da ake shigowa da shi daga 2013, a rage kashi 10 cikin ɗari a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025. A 2030 a daina, sai ɗan abin da bai wuce kashi 2.5 ba da aka bari don gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040. Turai ta hana zuba R-22 a na'ura gaba ɗaya tun 2015. Amurka ta daina ƙera sabon kilim mai R-22 a 2010, ta daina haɗa gaz ɗin da shigo da shi a 2020.

An gudu ba a tsira ba

Me aka kawo a madadinsa? Dangin HFC, waɗanda ba su da kilorin sam, don haka ba ruwansu da ozon. Wanda ya yi fice a kilim na gida shi ne R-410A, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Gauraye ne na gaz biyu, rabi R-32 rabi R-125. Shi ne kuke gani a tukunya mai ruwan hoda, R-22 kuma a koriya.

Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Waɗannan gaz suna riƙe zafi a sararin sama fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba. Masana na auna su da iskar kabon, wadda aka ba maki 1. A wannan ma'auni R-22 na da 1,810, R-410A kuma 2,088, wato magajin ya fi wanda ya gada ɗumama duniya. Idan kilo ɗaya na R-410A ya tsere daga kilim, kamar an ƙona esans kusan lita 900 ne. Ku auna wannan da yawan na'urorin: hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai kilim wajen biliyan 1.6 a duniya, kuma za su kai biliyan 5.6 nan da 2050.

Wannan ya sa aka koma teburi, a wannan karon a nahiyarmu. Ranar 15 ga Oktoba 2016 a Kigali, babban birnin Ruwanda, aka yi wa yarjejeniyar Monreyal gyara domin ta haɗa da HFC. Maƙwabciyarmu Mali ce ƙasar farko a duniya da ta tabbatar da gyaran, a 2017, Nijar ta bi a 2018, ya fara aiki a farkon 2019. Ƙasashen Afirka na cikin rukunin da ya tsayar da ƙaruwar HFC a 2024, zai rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, kashi 30 a 2035, kashi 50 a 2040, kashi 80 a 2045. Masana sun ce idan aka cika alkawari za a iya kauce wa ƙarin zafin da ya kai rabin digiri a ƙarshen wannan ƙarni. Rabin digiri ƙaramin abu ne a baki, amma ba ga mutanen Kayes na Mali ba, inda zafi ya kai digiri 48.5 a Afrilun 2024.

Matsalar ƙasashe masu zafi

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye. Kilim na zubar da zafi ne a iskar waje. Idan iskar wajen kanta ta kai digiri 45, ga akwatin a kan rufi rana na dukansa, aikin na yi masa nauyi. Kowane gaz yana da iyakar zafin da in ya wuce ta ba ya komawa ruwa komai matsi. Ta R-22 wajen digiri 96 ce, ta R-410A kuwa wajen 72. Shi ya sa R-410A ke saurin rasa ƙarfi da tsakar rana, ya ƙara shan kuran, sanyin kuma ya ragu. Masu gyaran da ke cewa tsohon gaz ya fi jure zafinmu ba ƙarya suke ba.

Ƙasashe masu tsananin zafi sun kai wannan kuka a tattaunawar Kigali, aka ware jerin ƙasashe 34 da za su iya neman sassauci idan ba a samu madadin da ya dace ba. Sharaɗin shiga jerin shi ne a samu aƙalla wata biyu a shekara da matsakaicin ƙololuwar zafi ke wuce digiri 35, shekara goma a jere. Nijar na ciki, tare da Najeriya da Cadi da Mali da Burkina Faso da Sudan da Saudiyya. Amma sassauci a takarda ba ya tilasta wa masana'anta ta ci gaba da ƙera abin da manyan kasuwanni suka daina saye. Mu ba mu ƙera kilim. Abin da Sin da sauran masu ƙerawa suka loda a jirgi, shi ke iso mana.

Magadan da ke kasuwa yanzu

Na farko R-32. Rabin R-410A ne aka ware shi kaɗai. Kamfanin Daikin ya fara sayar da kilim mai aiki da shi a Japan a 2012, yanzu kuma ya cika kasuwannin Asiya da Turai, ya iso shagunanmu. Makinsa na ɗumama 675 ne, kashi ɗaya cikin uku na R-410A, kuma na'ura ba ta bukatar mai yawa. Tunda ba gauraye ba ne, cika shi ya fi sauƙi. Aibinsa: yana iya kama wuta, ko da yake da wuya kuma a hankali, sannan kwamfiresarsa na yin zafi sosai.

Na biyu R-454B, gaurayen R-32 da wani sabon sinadari na dangin HFO. Makinsa wajen 466. Shi Amurka ta fi karkata gare shi tun da dokarta ta sa iyakar 700 ga sababbin kilim na gida daga 2025.

Na uku R-290, wanda ba komai ba ne illa furofan da aka tace sosai. Ba ya taɓa ozon, makinsa na ɗumama 3 ne kacal, iyakar zafinsa kuma wajen digiri 97, daidai da ta R-22, don haka yana jure rana irin tamu kuma ba ya cin kuran da yawa. Kamfanin Godrej na Indiya ya fara sayar da kilim mai R-290 a 2012. Aibinsa a fili yake: yana kama wuta sosai. Saboda haka ƙa'idojin duniya suka daɗe suna taƙaita yawan da za a zuba, sai a 2022 aka sabunta su aka yarda da abin da ya kai giram 988, bisa sharaɗin girman ɗaki da matakan kariya da aka gina a jikin na'urar.

Wanda ke shakkar gaz mai kama wuta a cikin gida, ya leƙa bayan firigonsa. In sabo ne, da alama zai ga an rubuta R-600a, wato isobutan. Tun a 1992 ƙungiyar Greenpeace da wata ƙaramar masana'anta a gabashin Jamus suka farfaɗo da wannan dabara, yau kuma ɗaruruwan miliyoyin firigo ke aiki da ita. Kun ga yadda tarihi ya zagayo: gaz ɗin da aka guda a 1930 saboda tsoron wuta, shi aka komo wa, amma da injiniyanci mafi tsauri.

Akwai kuma R-407C, wanda aka haɗa domin ya yi kusa da R-22 a matsi, a iya zuba shi a tsohuwar na'ura bayan an sauya mata mai. Makinsa 1,774 ne, don haka gada ce kawai, ba masauki ba.

Inda abin ya shafi aljihunmu da rayukanmu

Idan manyan ƙasashe suka yar da abu, sau da yawa tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Yamma yake nufa. Tsofaffin kilim da firigo na okaziyo, da sababbi masu tsohuwar fasaha da ba su da kasuwa a can, su ke zuwa mana da araha. Gana ta ga wannan ta hana shigo da firigo na hannu, dokar ta fara aiki sosai a 2013. Arahar nan ta rana ɗaya ce. Wanda ya sayi kilim mai R-22 yau ya sayi na'urar da abincinta ke ƙarewa. Adadin da doka ta yarda a shigo da shi raguwa yake, abin da ya yi ƙaranci kuma tsada yake yi. Ga faktir ɗin wuta, domin tsohuwar na'ura ta fi cin kuran, in kuma da gurup ake tayar da ita sai ta ci mai.

Inda tsada ta shiga, jabu na biye. A 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka mutu. Bincike ya gano an cika su da jabun gaz da aka gauraya da metil kilorid, gubar nan ta Shikago da aka baro tun shekara tamanin. Launin tukunya da rubutun jikinta ba hujja ba ne. Wannan ne dalilin da ake bai wa ƴan duwan da ƙungiyoyin masu gyara na'urar tantance gaz.

Haɗari na biyu yana hannunmu. R-410A da R-32 suna aiki da matsin da ya fi na R-22 da fiye da rabi, kuma man kwamfiresarsu daban ne. Zuba su a tsohon kilim na R-22 kashe kwamfiresa ne, ko fasa bututu. Haka nan zuba furofan a na'urar da ba a ƙera don shi ba ganganci ne, domin kayan wutarta na iya yin tartsatsi. Mafi muni shi ne a ɗauko gaz ɗin girki a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na girki gauraye ne, yana da laima da datti da sinadarin wari, na kilim kuwa tatacce ne. Don Allah kada wanda ya yarda a yi masa wannan a ɗakin da iyalinsa ke kwana.

Abin da ya rage gare mu

Ga mai saye: a jikin akwatin waje akwai ƴar takarda da ke nuna sunan gaz da nauyinsa. A karanta kafin a biya. In an ga R-22, a tuna da 2030. In R-410A ne, a san shi ma ya kama hanyar fita, ko da yake zai daɗe kaɗan. R-32 ko R-290 su ne masu sauran kwana, musamman in na'urar mai inbata ce, wadda ke rage gudu maimakon ta riƙa mutuwa tana tashi. A tambayi mai shago ko an ƙera ta don ƙasashe masu zafi, irin waɗanda ake yi wa alamar T3. A kuma tabbatar akwai mai gyara a garin da ya san gaz ɗin.

Ga mai tsohon kilim da ke aiki lafiya: ba dole a yar da shi yau ba. A riƙa wanke matatarsa, ballantana bayan ƙurar hunturu, a yi wa akwatin waje inuwa ba tare da an toshe masa iska ba. In aka ce gaz ya ragu, a ce wa mai gyara: "Malam, a nemo wurin yoyon tukuna." Cikawa ba tare da toshewa ba zuba ruwa ne a kwando, kuɗi na tafiya, gaz na hawa sama.

Ga ƴan uwanmu masu gyara: sana'arku ce ke sauyawa, kuma ku ne a bakin wuta. Wanda ya koyi aiki da R-22 kaɗai, in bai ƙaro ilimi ba, kasuwa za ta bar shi. Aiki da gaz mai kama wuta na bukatar ɗaki mai iska, ba sigari, ba walda sai an tabbatar bututu ya wofinta. Yana bukatar famfon zuƙe iska, da sikelin auna gaz, da na'urar kwashe tsohon gaz a adana maimakon a sake shi. Akwai ofishin ozon na ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, kuma horar da masu gyara na cikin ayyukan da asusun Monreyal ke biya. Ku nemi haƙƙinku ta ƙungiyoyinku, kada horon ya tsaya a Yamai kawai, ya kai Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni da Tasawa.

Mun san mafi yawanmu ba mu da kilim, wasu ma ko kuran ba su da shi. Amma asibitin da ake kwantar da mu, da firigon da ke adana allurar rigakafin ƴaƴanmu, da ƙanƙarar da muke buɗa baki da ita a azumi, duk a kan wannan gaz suke tsaye. Kuma kada mu raina dabarun iyayenmu: soron laka mai kaurin bango, bedi a tsakar gida, tagar da ke fuskantar iska. Ɗakin da aka gina da hankali ƙaramin kilim ya ishe shi. A lokacin rani kuma, da iska ke bushe, na'urar sanyi mai aiki da ruwa tana yi ba tare da gaz ko kaɗan ba.

Labari mai daɗi shi ne garkuwar sama tana warkewa. Rahoton masana da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon 2023 ya ce ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a Antatika kuma wajen 2066. Ko lokacin da aka gano a 2018 cewa wasu na sakin haramtaccen CFC-11 a ɓoye, an bi sawu har gabashin Sin, aka matsa, fitarsa ta ragu. Wannan ya nuna in duniya ta haɗa kai tana iya gyara abin da ta ɓata. Namu kason shi ne mu karanta takardar da ke jikin na'ura, mu toshe yoyo, mu ƙi jabu.

Masu gyara da ke cikin wannan shafi, ku faɗa mana: wane gaz kuka fi samu a garinku yanzu, kuma kun taɓa samun horo kan R-32 ko R-290? Muna sauraren ku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sawwaƙe mana zafin bazara, amin.